Dokar kulle zalunci ce ko ceton rai? Amsa ga wanda ya yi saɓani da yayansa

Tambayar da aka aiko: "Likita, ni da yayana har yau ba mu daina jayayya kan zamanin korona ba. Shi yana cewa kulle da takunkumin fuska da tilasta rigakafi duk danniya ce, babu gwamnatin da ke da ikon hana baligi mai hankali fita daga gidansa. Ni kuma na ce duk wanda ya ƙi bin doka a lokacin annoba mai son kai ne, kuma da hannunsa a mutuwar wasu. Wa ya fi gaskiya? Yana kuma cewa nan gaba Hukumar Lafiya ta Duniya ce za ta riƙa ba ƙasashe umarnin kulle. Haka ne?"

Ɗan'uwa, na gode da tambaya. Na san kana fatan amsar da za ka kai wa yayanka ka ce to ga shi, likita ya raba gardama. Ba za ka samu duka ba. A tushen maganar yayanka ya kuskure. Amma idan aka sauko aka ɗauki dokokin ɗaya bayan ɗaya, akwai wurare da dama da ya fi ka gaskiya, kuma mu masu aikin lafiyar al'umma ba mu cika son amsa hakan a bainar jama'a ba.

Bari in fara da inda ya kuskure. Maganar "jikina nawa ne" tana da ƙarfi matuƙa a kan cutar da ba ta yaɗuwa. Mai ciwon suga da ya ƙi shan magani, ko mai hawan jini da ya ƙi zuwa a duba shi, iyakar huruminmu a kansa nasiha ce. In ya ƙi ji, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Cutar da ke bin numfashi ba haka take ba. Tsuntsun ya ja ruwan, ya samu mafaka, ruwan ya je ya doki tsohuwar da ba ta ma san hadari ya haɗu ba. Korona kuma ta zo da wani hali da ya ƙara dagula lissafi: mutum yana iya baza ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji ko da ciwon kai, wani ma har ya warke bai san ya kamu ba. Cutar SARS ta 2003, wata cutar numfashi 'yar'uwar korona, an ci ƙarfinta ne da killace marasa lafiya da waɗanda suka cuɗanya da su, domin galibi sai mutum ya kwanta jinya yake yaɗa ta sosai. Da korona wannan dabarar kaɗai ba ta wadatar ba, shi ya sa takurawar ta faɗa har kan mutumin da yake jin lafiyarsa ƙalau. Ko John Stuart Mill, masanin falsafar nan na Ingila da masu rajin 'yanci ke yawan kafa hujja da shi, abin da ya rubuta a 1859 shi ne babu dalilin amfani da ƙarfi a kan mutum ba da son ransa ba sai don a hana shi cutar da wasu. Wannan "sai" ɗin ita ce ƙofar da dokar annoba ke shigowa ta cikinta.

Akwai kuma lissafin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta saba da shi ba. Idan adadin masu kamuwa yana ninkuwa duk kwana 3, mutum 100 za su zama sama da 100,000 cikin kwana 30. A makon farko abin kamar wasa, duk wanda ya ce a ɗauki mataki sai a ce ya cika zuzutawa. A mako na huɗu asibiti ya cika. A watan Maris na 2020 motocin soja ne suka riƙa kwashe akwatunan gawa daga birnin Bergamo na Italiya zuwa wasu garuruwa, saboda garin ya kasa ɗaukar mamatansa. Kuma ranar da gadaje da iskar oksijin suka ƙare, mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da wanda ya yi haɗarin mota su ma sun shiga layin mutuwa, alhali ba su da korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 an samu rarar mace-mace kusan miliyan 14.9 a kan abin da aka saba gani. Wanda ya ce ba a yi komai ba sai mura, ba da shi nake wannan maganar ba.

Jayayyarku ma ba sabuwa ba ce, kuma ba tsakanin mutumin kirki da mugu ake yin ta ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya isa Sarg, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da sahabbai, suka rabu biyu, wasu suka ce a ci gaba, wasu suka ce a juya. Da ya yanke a juya, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudu ne daga ƙaddarar Allah, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan Abdurrahman ɗan Auf ya zo da hadisin da ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Ka lura da rabin hadisin na biyu. Hana mai lafiya fita daga garin da mutuwa ke yawo a ciki takurawa ce mai tsanani, kuma amfaninta na mutanen wasu garuruwa ne. A Turai, birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik, ya kafa doka a 1377 cewa matafiyan da suka fito daga yankin annoba su zauna a keɓe kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya aka mayar da shi 40 a wasu biranen. A annobar murar 1918 birnin San Francisco ya wajabta takunkumin fuska, a farkon 1919 mutane suka kafa ƙungiyar adawa da takunkumi, suna faɗin kusan irin abin da yayanka ke faɗa yau.

To, ga inda zan juya in tsaya kusa da shi. A 1902 hukumar lafiya ta garin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka ta wajabta rigakafin agana. Wani limamin coci, Henning Jacobson, ya ƙi, aka ci shi tarar dala 5, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1905 kotun ta ce jiha tana da ikon yin haka, domin 'yancin mutum bai kai ga ya jefa jama'a cikin haɗari ba. Duk ɗalibin lafiyar al'umma ya san wannan shari'ar, muna alfahari da ita. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne, a 1927 wannan kotun ta kafa hujja da hukuncin Jacobson ɗin ta halatta wa jihar Virginia ta yi wa wata matashiya aikin hana haihuwa da ƙarfi, bisa zargin ƙarancin hankali. Hujja ɗaya ce, wato maslahar jama'a ta fi ta mutum ɗaya. Da ita aka kare mutane daga agana, da ita kuma aka yi ta'asar da ake jin kunyarta har yau. Saboda haka idan mutum ya ji "don lafiyar jama'a" gabansa ya faɗi, ba wauta yake yi ba, tarihi ya karanta ko ya ji a jikinsa.

Masana dokokin ƙasa da ƙasa sun daɗe da gane cewa tambayar "gwamnati tana da iko ko ba ta da shi" ba ta kai mutum ko'ina. A 1984 suka taru a garin Siracusa na tsibirin Sisili, suka fitar da ƙa'idojin da ke fayyace yadda za a iya taƙaita haƙƙoƙin da ke cikin yarjejeniyar 'yancin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966. A taƙaice sun ce dole takurawar ta kasance bisa doka, ta zama lalura ce ta gaske, a zaɓi hanya mafi sauƙi da za ta biya buƙata, kada a nuna wariya, a sa mata wa'adi, kuma a bar ƙofar da wanda aka takura zai kai ƙara. Nauyin kawo hujja yana kan mai kafa dokar. Wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi, kuma idan ka ɗora dokokin korona a kansa za ka ga wasu sun tsallake, wasu sun faɗi warwas.

Babban abin da ke raba su, a ganina, lokaci ne. A Maris na 2020 babu rigakafi, babu magani, kayan gwaji kaɗan ne, ba a san ko cutar tana kashe mutum ɗaya cikin ɗari ko biyar cikin ɗari ba. Shugaban da ya rufe gari na makonni a wannan duhun, don ya sami sararin tanadar gadaje da kayan kariya, ni ba zan zarge shi ba ko da daga baya ta bayyana ya wuce gona da iri. Amma uzurin rashin sani yana ƙarewa. Zuwa ƙarshen 2020 an san cutar ta fi kashe tsofaffi nesa ba kusa ba, an san ta fi yaɗuwa a ɗaki rufaffe mai cunkoso, an san a fili da ƙyar take kama mutum. Dokar da ta dace a watan farko, idan aka ci gaba da ita a wata na goma sha biyar ba tare da sabuwar hujja ba, ta zama wani abu daban. Rufe wuraren shaƙatawa da bakin teku, da korar mutumin da ke tafiya shi kaɗai a fili, ba su da wata madogara mai ƙarfi a kimiyya. An yi su ne don a ga ana yin wani abu.

Makarantu su ne suka fi ci mini rai. A ƙololuwar rufewar, hukumar UNESCO ta ce abin ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6. Yara su ne cutar ta fi ragawa, su ne kuma aka ɗora wa kaya mafi nauyi. A Uganda makarantu sun yi kusan shekara biyu a rufe ga yara da yawa, sai Janairun 2022 aka buɗe gaba ɗaya. An ce a yi karatu ta intanet. Yaron da iyayensa ke da kwamfuta da wuta da ɗakin karatu ya ci gaba, wanda ba shi da su ya tsaya cak, wasu kuma ba su sake komawa aji ba har abada, an yi wa yarinya aure, yaro ya kama sana'a. Wannan asarar ba ta fitowa a allon alƙaluman da ake nunawa kullum da yamma. Mu ma'aikatan lafiya muna ƙirga wanda ya kamu da wanda ya mutu yau, amma wanda rayuwarsa ta karkace na shekara talatin masu zuwa babu mai ƙirga shi, kuma abin da ba a ƙirga ba shi ake fara sadaukarwa. Denmark ta sake buɗe makarantun ƙananan yara tun tsakiyar Afrilun 2020, Sweden ba ta ma rufe na 'yan ƙasa da shekara 16 ba a wancan zangon, kuma sama ba ta faɗo ba.

Sai maganar talaka, wadda nake so kai musamman ka tsaya ka yi tunani a kanta, tunda ka kira masu karya doka masu son kai. "Zauna a gida" umarni ne mai sauƙi ga mai albashi da zai yi aikinsa ta waya. Ga wanda sai ya fita da safe iyalinsa za su ci da dare, umarnin yunwa ne. A Indiya, Firaminista Narendra Modi ya sanar da kulle ƙasar baki ɗaya da ƙarfe 8 na daren 24 ga Maris 2020, dokar ta fara aiki ƙarfe 12, wato sa'o'i 4 kacal ga mutane sama da biliyan ɗaya. Jiragen ƙasa da motoci suka tsaya, 'yan ci-rani suka rasa aiki da wurin kwana, suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa, ɗaruruwan kilomita. A watan Mayu wasu 16 daga cikinsu da gajiya ta kwantar a kan layin dogo kusa da Aurangabad jirgin kaya ya bi ta kansu. Waɗannan sun karya dokar zama wuri ɗaya. Za ka iya duban idon iyalansu ka ce son kai ne? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Irin wannan ya faru tun kafin korona: a Agustan 2014, lokacin Ebola, gwamnatin Laberiya ta zagaye unguwar West Point a Monrovia da sojoji, rikici ya ɓarke, aka harbi wani yaro ya rasu, bayan kwana 10 aka janye killacewar ba tare da ta tsayar da cutar ba. Ko a ƙasa mai arziki, a Yulin 2020 an rufe mazauna wasu dogayen gidajen gwamnati 9 a Melbourne ta Ostireliya, kusan mutum 3,000, galibinsu masu ƙaramin ƙarfi da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, 'yan sanda suka tsare ƙofa ba tare da an ba su ko sa'a guda su shirya ba. Daga baya ofishin sauraron koken jama'a na jihar ya ce gaggawar ta keta haƙƙinsu. Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce: duk hukumar da ta hana mutum neman abinci, ciyar da shi ya hau kanta. In ba za ta iya ba, to ba ta da ikon kafa wannan dokar a wannan siffar.

Wuraren ibada sun haifar da nasu rikicin, kuma a nan wariya ce ta fi tayar da ƙura. Masu ibada da yawa sun karɓi takurawa da hannu biyu. Aikin Hajji na 2020 an taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya, na 2021 ga mutum 60,000. Abin da mutane suka kasa haɗiyewa shi ne a auna su da mudu daban. A jihar Nevada ta Amurka an ƙayyade wa coci mutum 50 komai girmansa, gidajen caca kuma aka bar su su cika rabin ɗakunansu. Kotun Ƙoli ta ƙi tsoma baki a wannan a Yulin 2020, amma a Nuwamba ta dakatar da dokar New York da ta taƙaita masu ibada zuwa 10 ko 25 a wasu yankuna, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Kotunan ma kansu ba su yi magana da murya ɗaya ba. Kotun tsarin mulkin Spain ta ce a 2021 kullen farko ya saɓa wa kundin tsarin mulki saboda ba a bi irin dokar ta-ɓacin da ta dace ba, ta Jamus kuma a wannan shekarar ta ce matakan da aka ɗauka, har da hana fitar dare da rufe makarantu, sun halatta. In manyan alƙalai sun rabu haka, kai da yayanka ba ku yi abin kunya ba.

Yanzu rigakafi. A nan dole a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Cewa alluran sun rage tsananin cuta da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu wasu cututtuka, wannan tabbas ne, kuma duk wanda ya hana tsohonsa yi saboda jita-jitar waya ya cuce shi. Tilastawa kuma magana ce daban. Hujjar tilasta wa mutum allura ita ce kare wasu, saboda haka ƙarfinta ya dogara ne da yadda allurar ke hana yaɗuwa. A kan nau'o'in farko ta rage yaɗuwa sosai. Da nau'in Omicron ya bayyana a Nuwamban 2021, kariyar kamuwa ta ragu ƙwarai, tana kuma dusashewa cikin watanni, duk da cewa kariyar mutuwa ta ci gaba. Daga nan hujjar ta koma "don amfanin kanka" da "don kada asibiti ya cika", waɗanda ba su kai ta farko nauyi ba. Ina ganin dalilin a buƙaci ma'aikacin da ke jinyar tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki ya yi. Ban ga dalilin a kori matashi mai lafiya, wanda ma ya riga ya kamu ya warke, daga makaranta ko aiki a 2022 ba. Austria ta kafa dokar tilasta wa duk baligi a Fabrairun 2022, ta dakatar da ita a Maris, ta soke ta kafin shekarar ta ƙare. Kuma tilas tana da farashin da ake biya daga baya: uwar da ta ji an yi mata fin ƙarfi a kan allurar korona tana iya zuwa gobe ta ƙi ta ƙyanda ga ɗanta, wadda ta fi muhimmanci ga yaron.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon da ke ƙarƙashin jayayyarku, wato amana. Jama'a suna iya jure wahala mai yawa in sun yarda ana gaya musu gaskiya kuma kowa yana ɗauke da nasa kason. An ɓata duka biyun. A farkon 2020 hukumomi suka ce mai lafiya ba ya buƙatar takunkumi, sannan Amurka ta sauya a Afrilu, Hukumar Lafiya ta Duniya a Yuni. Sauya matsayi idan sabon ilimi ya zo ba laifi ba ne, haka kimiyya take. Laifin shi ne an faɗi na farko da cikakken tabbaci, an faɗi na biyu da cikakken tabbaci, ba a taɓa cewa "ba mu sani ba tukuna" ba. Haka aka daɗe ana musun cewa cutar tana rataye a iskar ɗaki, ana ta wanke tebur da hannun ƙofa, alhali buɗe taga ya fi amfani. Kalmar "muna bin kimiyya" ita ma an yi mata hawan ƙawara. Kimiyya tana iya ƙiyasta maka mutum nawa za su kamu idan aka buɗe kasuwa. Ba za ta iya gaya maka ko wannan adadin ya kai a hana ɗa riƙe hannun mahaifiyarsa tana cikawa ba. Wannan hukunci ne na ɗabi'a da siyasa, kuma makanike yana da bakin magana a cikinsa daidai da farfesa.

Su kuma masu kafa dokar, wasunsu ba su bi ta ba. A ranar 17 ga Afrilun 2021 duniya ta ga Sarauniya Elizabeth ta Birtaniya zaune ita kaɗai a jana'izar mijinta saboda dokar tazara. Daga baya ta fito fili cewa a daren da ya gabata an yi shagali a ofishin firaminista, har ofishin ya nemi afuwar fada. A Afrilun 2022 'yan sanda suka ci Firaminista Boris Johnson kansa tara kan wani taron daban. Mutumin da aka hana shi zuwa binne ɗan'uwansa ya ga wannan, me kake so ya ɗauka? Haka ƙasashen kudancin Afirka suka ji lokacin da masanansu suka gano Omicron suka sanar da duniya da gaggawa, ladan da suka samu shi ne aka rufe musu iyakoki, alhali nau'in ya riga ya shiga Turai.

Yayanka zai kawo maka Sweden, kai kuma za ka so ka kawo masa China, don haka bari in riga ku. Sweden ba ta yi kulle na tilas ba, amma ba zaman kashe wando ta yi ba: ta hana taron da ya wuce mutum 50, ta mayar da manyan makarantu karatu daga gida, jama'a kuma da kansu suka rage cuɗanya domin sun yarda da hukumominsu. A 2020 ta yi asarar rayuka fiye da maƙwabtanta Norway da Finland da Denmark nesa, musamman a gidajen kula da tsofaffi, har sarkin ƙasar ya ce a Disamba sun gaza. Amma da aka haɗa shekarun annobar gaba ɗaya, rarar mace-macenta tana cikin masu ƙaranci a Turai. Kowane ɓangare yana ɗaukar rabin da ya yi masa daɗi. China kuwa ta rufe Wuhan ranar 23 ga Janairun 2020, ta daƙile cutar kusan shekara biyu, amma ta kasa sanin lokacin tsayawa. Ta kulle Shanghai wata biyu a 2022, sai gobarar da ta kashe mutum 10 a wani gida a Urumqi a Nuwamba ta fito da mutane kan titi, da yawansu suna zargin shingayen kulle da hana ceto. Cikin makonni gwamnati ta watsar da tsarin kusan dare ɗaya, cutar ta mamaye ƙasar alhali tsofaffi da yawa ba su kammala rigakafi ba.

Tsoronsa na cewa ikon da aka karɓa da sunan ta-ɓaci ba ya son komawa, shi ma yana da tushe. A ƙarshen Maris na 2020 majalisar Hungary ta ba Firaminista Viktor Orbán ikon mulki da doka-ta-kai ba tare da sa ranar ƙarewa ba. A Kanada, gwamnati ta yi amfani da dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2022 kan direbobin manyan motoci da suka mamaye Ottawa, har aka toshe asusun bankin wasu. Kwamitin bincike ya ce matakin ya cika sharaɗi, wata kotun tarayya kuma a 2024 ta ce bai cika ba. Shi ya sa nake ganin dokar annoba da ba ta ɗauke da ranar mutuwarta a jikinta, kuma ba ta komawa gaban majalisa a sabunta ta, abin zargi ce ko da manufarta kyakkyawa ce.

Idan kun sake zama, ka daina tambayarsa ko ya yarda da kulle, shi ma ya daina tambayarka ko ka yarda da 'yanci. Ku ɗauki doka ɗaya, a wata ɗaya, a wuri ɗaya. Ka tambaye shi: da cutar tana kashe yara ɗaya cikin goma, zai yarda a rufe makarantu? In ya ce e, to ya amsa cewa gwamnati tana da ikon, saura gardamar mizani. Shi kuma ya tambaye ka: wace hujja ce za ta sa ka yarda wata doka kuskure ce? In ba ka da amsa, to ba kimiyya kake bi ba, ɓangare ka riƙe.

Game da Hukumar Lafiya ta Duniya, a nan an ba yayanka labarin da ba haka yake ba. Hukumar ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, shawara take bayarwa. Ita ce ta ayyana korona a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga duniya ranar 30 ga Janairun 2020, ta janye ayyanawar ranar 5 ga Mayun 2023, amma duk kullen da aka yi tsakanin nan gwamnatocin ƙasashe da na jihohi ne suka kafa shi da dokokinsu. A farkon annobar ma hukumar ta ba da shawarar kada a rufe iyakoki, ƙasashe suka yi biris da ita suka rufe. Yarjejeniyar annoba da ƙasashe mambobi suka amince da ita a Mayun 2025 ta faɗa ƙarara cewa babu abin da ke cikinta da ya ba sakatariyar hukumar ko shugabanta ikon umartar wata ƙasa ta hana matafiya shiga, ko ta tilasta rigakafi, ko ta kafa kulle. In yana neman wanda zai sa wa ido kafin annoba ta gaba, ya nemi dokar lafiyar jama'a ta ƙasarsa ya karanta, ya duba wa ta ba ikon rufe gari, na kwana nawa, kuma gaban wa za a kai ƙara.